Zare: Ba Iwobi ne ya kashe mu ba, kuma zagi ba sharhin ƙwallo ba ne

1/ Tun daren Lahadi nake haɗiye maganar nan, yau dai sai na amayar da ita. Abin da muka yi wa Alex Iwobi bayan wasan ƙarshe na kofin Afirka abin kunya ne, kuma har da ni a cikin waɗanda suka yi. Zaren na da tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. 🧵

2/ Ni ɗan Dauran ne, ƙaramar hukumar Zurmi. Na zo gida daga makaranta a ƙarshen mako, don haka a gidan kallon unguwarmu na kalli wasan, ranar 11 ga Fabrairu 2024. Benci ya cika tun kafin ƙarfe tara, wasu a tsaye, janareta na tari a waje, mai gidan kallo na rantsuwa ya zuba man da zai kai mu har ɗaga kofi.

3/ Ku da ke Kano ko Abuja ba lallai ku gane ba: a nan fita kallon ƙwallo ƙarfe tara na dare sai mutum ya yi shawara da zuciyarsa. Kunne ɗaya na wajen mai sharhi, ɗaya na sauraren waje. Amma wasan ƙarshe ne, Najeriya da Kwaddibuwa, rabonmu da kofin tun 2013. Kowa ya fito.

4/ Minti na 38 Troost-Ekong ya sa kai, ƙwallo ta shiga. Har kwanon rufi sai da ya amsa. Wani dattijo da ban taɓa ganin ya yi dariya ba ya rungume ni. Minti na 62 Kessie ya farke. Minti na 81 Haller ya ƙara. 2-1. Aka tashi, kowa ya kama hanyar gida da sauri, ba mai ce wa wani sai da safe.

5/ Kafin a kashe janareta na ji wani daga baya ya ce: "Wallahi wanga yaro shi yak kashe mu. Iwobi ba ya da amfani ko na sisi." Nan take mutum biyar suka amsa. Kafin in kai ƙofar gida na buɗe waya, na ga duk Najeriya ta riga ta yanke hukunci iri ɗaya. Ni ma na shiga shafinsa na ajiye tawa.

6/ Ba zan maimaita abin da na rubuta ba. Ya isa in ce da wani ya faɗa wa mahaifiyata rabinsa, da yanzu muna gaban mai gari. Washegari aka wayi gari Iwobi ya goge hotunansa na Instagram saboda ruwan zagi. Wasu har murna suke yi, wai an koya masa hankali.

7/ To bari mu yi abin da ya kamata mu yi tun daren: mu duba wasan. Na sake kallonsa daga farko zuwa ƙarshe, ba guntun bidiyon minti uku ba. Abu na farko da zai ba ku kunya kamar yadda ya ba ni: lokacin da Haller ya ci ƙwallon da ta ba su kofi, Iwobi ba ya cikin fili.

8/ An cire shi a minti na 79, Alhassan Yusuf ɗan Kano ya maye gurbinsa. Ƙwallon ta shiga a minti na 81. Mutumin da muka ce ya kashe mu yana kan benci a lokacin. Kar kuma wani ya ce to Alhassan ne, yaron da ko gumi bai fara ba. Ƙwallon ba ta tsakiya ta biyo ba.

9/ Ƙwallaye biyun duk daga ƙafar mutum ɗaya suka fito: Simon Adingra, wanda a lokacin yake Brighton yana ɗan shekara 22. Ta farko bugun kwana ya ɗauko, Kessie ya sa kai. Ta biyu ya ja Ola Aina a gefenmu na dama, ya wuce shi, ya kwaso ta ciki, Haller ya miƙa ƙafa. Shi aka ba gwarzon wasan.

10/ Shi ma Ainan kar a koma kansa. Duk gasar yana cikin waɗanda suka fi kowa taka leda, har sunansa ya fito cikin gwanaye 11 na gasar. Tambayar da ta dace ita ce: me ya sa aka bar shi shi kaɗai da Adingra minti bayan minti, kowa na gani, ba a turo masa mai taimako ba? Wannan tambaya ta koci ce.

11/ Yanzu tsakiyar fili. Jose Peseiro ya tsara mu da 'yan baya uku, biyu a gefe, uku a gaba, sai mutum biyu kacal a tsakiya: Iwobi da Frank Onyeka. Su kuwa uku suka zuba: Kessie, Seko Fofana da Seri. Biyu da uku. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon unguwa ya san ma'anar haka.

12/ Ka je wajen wannan, a miƙa wa wancan. Ka koma, na ukun ya zame ta bayanka. Kana ta gudu kamar mai korar kaji, ƙwallo ba ta zuwa ƙafarka. In kuma ta zo, kafin ka ɗaga kai mutum biyu na kanka. A talabijin sai a ga kamar ba ka yin komai, alhali kai ka fi kowa shan wuya.

13/ Ku tuna kuma Wilfred Ndidi, wanda aikinsa kenan tare tsakiya, rauni ya hana shi zuwa gasar tun kafin a fara. Iwobi a Fulham gaba-gaba yake wasa, ko ta gefe ko bayan ɗan gaba. Aka jawo shi baya aka ce ya yi gadi. Sai mu kuma muka zauna muna ƙirga masa ƙwallayen da bai ci ba.

14/ Wannan gadin da muke rainawa shi ya kai mu wasan ƙarshe. Wasa shida kafin na ƙarshe, ƙwallo biyu kacal aka zura mana: ɗaya Equatorial Guinea, ɗaya fenaretin Afirka ta Kudu. Wasa huɗu a jere ba a ci mu ba. Lokacin ba wanda ya ce tsakiyarmu ba ta da amfani, waƙa muke ta yi.

15/ Gefen da ba mu so mu duba shi ne gaba. Kafin wasan ƙarshe ƙwallo bakwai muka ci a wasa shida. Biyu fenareti ne na Ekong, ɗaya Guinea-Bissau ce ta ci gida. Osimhen, gwarzon Afirka na 2023, ɗaya tak ya ci duk gasar. Tsarin kocin kenan: a ci ɗaya, a rufe ƙofa. Ya yi aiki har ranar da aka ɓalle ƙofar.

16/ Ga gajiya. Ranar 7 ga wata mun yi minti 120 da Afirka ta Kudu har da bugun fenareti, inda Nwabali ya tare biyu. A ranar su kuma cikin minti 90 suka gama da Kongo. Peseiro kusan mutane ɗaya yake ta sawa. Ku duba ƙafafun 'yan wasanmu daga minti na 60, kamar an ɗaura musu buhun gero.

17/ Sannan wani abu da ba ma iya faɗa a ƙasar nan: abokan karawa sun fi mu wasa a ranar. Ƙasar da Equatorial Guinea ta lallasa 4-0, ta kori kocinta ana tsakiyar gasa, ta ba Emerse Fae riƙo, ta fitar da Senegal da Mali. Suna gida, filin Abidjan duk nasu ne. Haller kuwa daga jinyar kansa ya dawo.

18/ Kar a fahimce ni a karkace. Ban ce Iwobi ya yi wasa mai kyau a daren ba. Bai yi ba. Ya yi ta mayar da ƙwallo baya a inda ake son a tura gaba, ya kasa riƙe ta mu samu numfashi. Faɗin haka sharhi ne, kuma haƙƙin mai kallo ne. Amma ina haɗin wannan da zagin uwarsa da yi masa fatan mutuwa?

19/ Kuma wa muke zagi? Mutumin da ya buga wa Ingila a matakin matasa, ya zaɓi Najeriya. Shi ya ci Zambiya a Uyo a Oktoban 2017, ƙwallon da ta kai mu kofin duniya na Rasha. Shi ya ci ta ukun da muka fitar da Kamaru 3-2 a Masar a 2019. Mantuwarmu ta fi ta kaza.

20/ Yanzu bari in ɗauke ku zuwa wani wasan daban, don shi ya buɗe min ido. A wannan daren dai, barci ya ƙi zuwa. Abokin ɗakina na makaranta, wanda ya haukace da zari-rugar Amurka, ya turo min saƙo: wai in daina kuka, Super Bowl za a fara bayan sha biyun dare. Wato wasan ƙarshe na gasarsu ta NFL.

21/ Na bi shi a waya, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Ga waɗanda ba su san wasan ba: kowane ɓangare mutum 11. Ana ba ku dama huɗu ku ci gaba yadi 10. Ku kai ƙwallon ƙarshen fili, maki 6, sai a ba ku bugu ɗaya na ƙarin maki 1. In kun kasa kaiwa kuka buga ta tsakanin sanduna, maki 3.

22/ Kansas City Chiefs da San Francisco 49ers, a Las Vegas. Chiefs ɗin nan ma akwai tarihinmu a ciki, don Christian Okoye ɗan Inugu ya yi suna a can tun ƙarshen shekarun 1980. An tashi 19-19, aka shiga ƙarin lokaci, Chiefs suka ci 25-22. Patrick Mahomes ne gwarzon wasan.

23/ Ga inda nake so ku lura. A zangon ƙarshe San Francisco sun ci maki 6, mai bugunsu Jake Moody ya zo ƙara maki ɗayan nan, aka tare bugun. Maki ɗaya. Wasan da aka tashi kunnen doki. Da a gidan kallonmu ne, an gama shari'a: Moody ya kashe mu, a tsine masa, a tafi gida.

24/ Da safe abokin nawa ya yi ta turo min abin da masu sharhinsu da magoya baya ke tattaunawa. Moody na ciki, amma ɗaya ne cikin jerin abubuwa. An tuna cewa shi ɗin ne ya ci bugu daga yadi 55 da kuma yadi 53 a wasan. An tsaya ana duba ko bugun ne ya yi ƙasa, ko masu kare shi ne suka bari aka kutso.

25/ An kawo ƙwallon da ta taɓa ƙafar ɗan wasansu bisa tsautsayi, Chiefs suka tsince ta, suka ci maki nan take. An kawo Dre Greenlaw, ginshiƙin tsaronsu, da jijiyar dunduniyarsa ta tsinke yana rugawa zai shiga fili. An kawo damar ƙarshe da aka bar Chris Jones ya taho ba mai tare shi, har jifar Brock Purdy ta lalace.

26/ Babbar muhawarar kuma a kan koci Kyle Shanahan aka yi ta: me ya sa ya zaɓi karɓar ƙwallo da farko a ƙarin lokaci, alhali sabuwar doka ta ba kowane ɓangare dama, na biyun kuma ya san makin da yake nema? Har wasu 'yan wasansa suka amsa cewa ba su san sabuwar dokar ba.

27/ Kun ga bambancin? Kowace magana da lokacinta a wasan, da sunan wanda ya yanke shawarar. Suna da wani bidiyo da ake ɗauka daga sama, mai nuna duka 'yan wasa 22 a lokaci ɗaya, kuma duk mai so zai biya ya kalla. Shi ya sa mai gardama kan ce maka je ka duba inda wane ya tsaya kafin a jefa ƙwallon.

28/ Mu kuwa kyamara na bin ƙwallo, idonmu na bin kyamara. Wanda ƙwallo ta kuɓuce a ƙafarsa shi muke gani. Wanda ya ƙi gudu ya buɗe masa hanya ba ya cikin hoton, balle kocin da ya bar mutum biyu su yi aikin uku. Sai mu kama wanda muka gani, mu ce shi ne ɓarawon.

29/ Kafin wani ya ce na zama ɗan koren Turawa: su ma suna da marasa tarbiyya, da yawa ma. Mako uku kafin wannan, Tyler Bass na Buffalo Bills ya ɓarar da bugun da zai farke musu wasa da Chiefs ɗin nan, aka fitar da su 27-24. Zagi da barazana suka sa ya rufe shafukansa. Iwobinsu kenan.

30/ Amma ku ji abin da ya biyo baya. Wasu magoya bayan suka ji kunya, suka shiga tura gudummawa da sunansa ga wata cibiyar kula da kyanwowi da yake tallafawa, har kuɗin suka yi yawan da labarin ya zaga duniya. Ban ce mu tara wa kyanwa kuɗi ba, muna da marayu. Ina cewa masu hankalinsu ba su yi shiru ba.

31/ A wajenmu wa ya yi magana? Ahmed Musa. Kyaftin ɗin da ko minti ɗaya ba a sa shi ba duk gasar, wanda da ya so da ya yi shiru ya bar mu muna cewa da an sa shi da ba haka ba. Shi ya fito ya roƙi a daina cin zarafin Iwobi. Mu da ke kiransa namu, ko a nan ba mu yi koyi da shi ba.

32/ Kuma mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa sanin zafin abin nan. Ku tambayi yayyenku labarin Sani Kaita. Kofin duniya na 2010, muna cin Girka 1-0, ya kai wa ɗan wasansu ƙafa a bakin layi, aka ba shi jan kati tun kafin hutun rabin lokaci. Aka ci mu 2-1.

33/ Kuskure ne, nasa ne, ba mai musu. Amma mai magana da yawun tawagar ya ce saƙonnin barazanar kisa da aka turo wa Kaita sun haura 1,000. Ɗan Kano, tsohon ɗan Pillars. Ina ɗan shekara takwas lokacin, amma na tuna yadda manya ke cewa don Bahaushe ne aka yi masa haka. To Iwobi don wane ne muka yi masa?

34/ A gasar dai Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga ba gola a wasan Koriya ta Kudu. Kowa na tuna wannan. Mutum nawa ke tuna cewa bayan 'yan mintuna shi ya ɗauki fenareti ya farke aka tashi 2-2? Ƙwallo 21 ya ci wa Najeriya, amma da wadda bai ci ba ake kiransa har gobe.

35/ In kuna ganin baki ne kawai, ba ya kisa: Andres Escobar na Kolombiya ya ci gida a wasansu da Amurka a kofin duniya na 1994. Kwana goma bayan nan aka harbe shi a Medellin. Kafin harsashi sai da aka fara da baki, gari ya yarda cewa mutum ɗaya ne ya jawo.

36/ Na san amsoshinku, don tun Litinin nake jin su. Ta farko: ai masu kuɗi ne, albashinsa na mako ya fi abin da zan samu a shekara goma, ya haƙura. To tun yaushe kuɗin mutum ya halatta zagin iyayensa? In haka ne kowane Alhaji a kasuwar Shinkafi sai mu bi shi da ashar, tunda ya fi mu.

37/ Ta biyu: ai tsokana ce, ita ce daɗin ƙwallo. Na yarda da tsokana, ni ɗan Arsenal ne, ba irin wadda ban sha ba. Amma mu Hausawa mun san wasa. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, ana yi ana dariya, kowa na ramawa, kuma akwai layin da ba a tsallakawa. Mutum dubu a kan mutum ɗaya ba wasa ba ne, taron dangi ne.

38/ Ta uku ita ce mai nauyi: ƙwallo kaɗai ta rage mana abin farin ciki. Wannan gaskiya ce, kuma na fi ku saninta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi. Gona ba ta nomuwa cikin kwanciyar hankali. Hanyar Ƙaura zuwa Zurmi sai da addu'a. Minti 90 ɗin nan ne muke mantawa.

39/ Amma ku faɗa min, cikin waɗannan wanne Iwobi ya jawo? Haushin da muka sauke a kansa ba na ƙwallo kaɗai ba ne. Na tsadar masara ne, na rashin barci, na 'yan uwan da ke hannun 'yan bindiga. Waɗanda ya kamata mu yi wa tambaya a kan haka muna tsoronsu ko muna yi musu fasta. Ɗan ƙwallo ne ba ya da 'yan sanda.

40/ Akwai ta huɗu da ba a faɗa da ƙarfi: caca. Da yawa cikin masu kumfar bakin nan ba kishin ƙasa ke cin su ba, tikiti ne ya yanke. Ka ɗauki kuɗin cefane ko na rajista ka zuba a waya, ya tafi, sai ka nemi wanda za ka zaga. Malam, wanda ya danna maɓallin shi ne mai laifin, kuma yana riƙe da wayarka.

41/ Yanzu dalilin da ya sa na rubuta duk wannan. Ina da ƙane, shekararsa 16, shi ne golan ƙungiyar unguwarmu. Bara a wani wasa da 'yan wani ƙauye kusa da mu, a filin firamare, ƙwallo ta zame masa ta shiga. Tun ranar sunansa ya koma Rariya. A makaranta, a masallaci, a wajen ɗibar ruwa. Har ni na taya dariya.

42/ Ba wanda ya tambayi ina 'yan bayansa biyu suke lokacin, alhali duk sun tafi gaba neman suna. Ba wanda ya tuna guda nawa ya tare kafin wannan. Yaron ya ajiye safar hannunsa da ya tara kuɗi ya saya a Ƙaura, bai ƙara zuwa fili ba. Na ɗauka ƙuruciya ce, zai huce.

43/ Ranar Litinin ya ari wayata zai duba sakamako, ya ci karo da abin da na rubuta wa Iwobi. Ya karanta, ya miƙo min, ya ce: "Yaya, ashe kai ma haka kaka yi. To ni mi kac ce a kaina ranar da ba ni nan?" Wallahi ban samu amsa ba. A gabansa na goge, amma ya riga ya gani.

44/ Abin da ya fi tsorata ni ya wuce ƙwallo. Mu a yankin nan mun san abin da ke faruwa in aka nuna mutum da yatsa aka ce infoma ne. Mun san ba a cika tsayawa tambayar hujja ba in rai ya ɓaci. Ɗaya ya faɗa, biyar su amsa, kafin a bincika an gama. Halin da na gani a gidan kallo shi ne dai wannan, ƙwallo ce kawai ta rufe shi.

45/ In muka saba yanke wa mutum hukunci a kan abin da akwai bidiyonsa, wanda kowa zai iya komawa ya duba amma muka ƙi, me za mu yi a kan abin da ba bidiyo, sai an ce wane ya ce? Gara mu koyi tambayar hujja a inda kuskurenmu ba zai ci ran kowa ba.

46/ Ku tuna Satumban 2021, da aka kashe layukan waya a Zamfara. Makonni muna neman inda za mu tsaya mu ji muryar 'yan uwa, wasu har sai sun tsallaka wata jiha. Muka yi ta addu'a a dawo da shi. An dawo da shi, ga abin da muke yi da shi: zagin mutumin da bai san akwai wani gari Dauran ba.

47/ Ba na cewa a daina suka. A soki koci, a soki hukumar ƙwallo, a soki ɗan wasan da ya yi lalaci. Amma kafin ka danna tura, amsa wa kanka waɗannan: A wane minti? Me aka sa shi ya yi a filin? Su nawa ne a wajen, abokan karawa su nawa? Wa ya yanke shawarar? In ba ka da amsa ko ɗaya, haushi kake ji, sha ruwa ka kwanta.

48/ Masu gidajen kallo, ku ma da naku. Washegarin babban wasa da rana ba kowa a benci. Ku sake saka wasan, ko rabin kuɗi ne, a zauna a kalla ba ihu, a tsayar a koma baya. Na yi wa namu magana ya ce in na kawo mutum goma da kuɗin mai zai kunna. Ina neman tara.

49/ Ƙanena kuma na ba shi haƙuri, na ce Juma'a in an sauko zan tsaya masa a bayan raga in ya yarda ya koma. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma na ga ya ciro safar daga ƙarƙashin katifa yana kaɗe ta. Ku taya ni addu'a.

50/ Wanda har yanzu yake ganin Iwobi ne ya kashe mu, bismillah, ga fili nan a ƙasa. Sharaɗi ɗaya: ka zo da minti, ka faɗi abin da ya yi da abin da ya kamata ya yi. In ka gamsar da ni zan rubuta cewa na yi kuskure, da sunana. In ashar ka kawo, toshe ka zan yi, ko ajinmu ɗaya.